Randa, Sabulu da Kanwa: Tarihin Hikimar Gina Kafofi, daga Ƙasar Gobir zuwa Ɗakunan Bincike

Malaman da suka yi bahasi a kan sana'o'in 'yan Adam sun kasa su kashi-kashi, suka ce akwai waɗanda zaman duniya ba ya tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da gini, akwai kuma waɗanda ke yi wa waɗannan hidima, kamar ƙira da ke ba manomi fartanya. To, wanda duk ya yi tsokaci da idon basira a kan zaman mutanen ƙasa mai rana irin tamu, inda zafin bazara kan haura digiri 40 har ruwan da aka bari a kwano ya koma kamar an ɗora shi a murhu, lalle zai yarda cewa ginin tukwane ya cancanci a sa shi a sahun farko, ko da yake ba a cika ambatonsa ba in ana lissafin sana'o'in da ake alfahari da su. Abin da nake son in bayyana shi ne, a cikin wannan sana'a akwai wata ƙa'ida mai zurfi wadda magina suka daɗe suna aiki da ita, wato a gina abu mai ƙarfi a kewayen abu mai rauni, sa'an nan a sa wuta ta cinye mai raunin, gurbin da ya bari ya zama shi ne fa'idar ginin duka. A kan wannan ƙa'ida ce masana kimiyyar sinadarai na Japan da Amurka suka kafa wani babban fanni tsakanin 1990 da 1992, lokacin da suka gano yadda za a sarrafa silika, wato asalin jauharin yashi, ta zama gari mai kafofi jere reras, ta hanyar gina ta a kan sinadarai dangin sabulu. Kayan aikin nan uku, ƙasa da sabulu da wuta, kowanne yana da ma'abutansa a ƙasar Gobir tun zamani mai nisa, har ma da na huɗu, kanwa, wadda za mu ga yadda ta shiga labarin ta wata ƙofa da ba a zata ba.

Sabon Birni da Isa, garuruwa biyu na ƙasar Gobir, suna cikin kwarin gulbin Rima ne, a yankin da ruwan Bunsuru da na Gagare, waɗanda ke gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, suke haɗuwa da na gulbin Maraɗi, su bazu cikin fadamu da damina, su janye da rani su bar laka mai danƙo. Wannan ni'ima ce ta jawo Gobirawa, waɗanda suka taso daga Azbin suka zauna Birnin Lalle kafin su gangaro kudu, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi, birnin da ya kai ganiyar ƙarfinsa a zamanin Bawa Jangwarzo. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya rasu a wurin; a 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjayi taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, bayan haka ne waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajajen 1860, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni, alhali Isa tana nan a matsayin ribaɗi a hannun zuriyar Muhammadu Bello, shi ya sa har yau kowanne daga garuruwan biyu ake kiran mai sarautarsa Sarkin Gobir. Da Turawa suka zo, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa na Ingila.

Cikin dukan wannan kai-da-kawowa na sarauta da yaƙi da ƙaura, babu garin da aka kafa ba tare da magina ba, domin ganuwa tana tsare mutane daga abokan gaba ne kawai, ba ta dafa musu tuwo, ba ta kuwa ajiye musu ruwa. Muhammadu Bello da kansa ya fahimci haka, domin a cikin Usulus Siyasa, risalar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa gwargwadon bukatar jama'a cikin wajiban shugaba. Kuma duk kufan da mutum ya je a ƙasar Hausa, bayan azara ta ruɓe, ganuwa ta zaizaye ta zama tudu, abin da zai tarar a warwatse a ƙasa shi ne tsingaro, saboda yumɓun da ya sha wuta ba ya komawa laka har abada. Da shi ne masu binciken kufai suke gane zamanin gari da irin mutanen da suka zauna shi.

Bari mu tsaya a kan aikin kansa, domin a nan hikimar take. Ginin tukwane aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, ruwa ya janye daga fadama. A ƙauyuka galibi mata ne ke yinsa, uwa ta koya wa 'yarta, ko da yake a waɗansu birane akwai zuriyoyin da mazansu ne magina. Maginiya takan haƙo yumɓu daga gurbin da ta sani, ta shanya shi, ta farfasa, ta tsince tsakuwa da saiwoyi, ta jiƙa shi ya kwana. Sa'an nan, da yake ta san yumɓu zalla yana tsagewa wajen bushewa kuma yana fashewa a wuta, sai ta zuba masa gauraye, ko dai dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayin gero, ko ɓuntun shinkafa, ko busasshen kashin jaki da aka marmashe, ta bi shi da ƙafa tana tattakawa har ya haɗe, ba ta da mizani sai tafin hannunta, wanda ke gaya mata ya isa ko da saura. In ta tashi gini sai ta kife wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka don kada sabon yumɓu ya manne, ta faɗaɗa curi ta ɗora a kai, ta bi shi da bugu a hankali har kaurinsa ya daidaita ko'ina. In ya sha iska ya ɗan ƙame ta ɗaga shi ta juya, ta ci gaba da ɗora kafaɗa da wuya da murɗaɗɗen yumɓu, ta gyara baki da jiƙaƙƙen tsumma. Waɗansu kuwa a ɗan rami suke yi, su sa curi a ciki suna dandaƙa shi da dundunge suna juyawa, har ciki ya buɗe. Bayan an shafe da jar ƙasa an goge da 'ya'yan kuka har ya yi sheƙi, tukwane sun bushe sarai, sai a jera su a matoya, a lulluɓe da kara da kandilo da ciyawa, a kare da fasassun tukwane, a sa wuta da maraice. Da safe maginiya ta riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, wadda ta yi ƙara tangaran ta gasu, wadda ta yi sautin dushe kuwa akwai tsaga a jikinta.

In aka lura, abin da ake gini a kansa a wannan aiki iri biyu ne. Na farko shi ne kifaffiyar tukunya, wadda ke ba da siffar waje, a ɗauke ta lafiya a sake aiki da ita gobe. Na biyu, wanda shi ne abin nufinmu, shi ne ƙaiƙayin nan da aka cuɗa a cikin yumɓu, wanda ba a iya zare shi da hannu. Wutar matoya, wadda zafinta kan kai digiri 600 zuwa 900, ita ke cinye shi, kowace ƙwaya ta bar gurbi daidai girmanta da siffarta. Waɗannan guraben, tare da ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yumɓu da kansu, waɗanda wutar kara ba ta kai zafin da za ta narkar ta toshe su ba, su ne sababin da ya sa randa take naso. Ruwa yana bin kafofin a hankali ya fito bayanta, iska ta kwashe shi, shi kuwa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi. Masana sun auna sun ga giram ɗaya na ruwa in ya tashi a iska yana tafiya da zafin da ya isa ya sanyaya fiye da rabin lita da digiri ɗaya. Don haka ne randa ta fi sanyi da hunturu da bazara, lokacin da iska take a bushe, sanyinta ya ragu da damina. Don haka ne kuma tsohuwar randa da kafofinta suka toshe take daina sanyaya ruwa. Hujjar cewa magina sun san abin da suke yi ita ce bambancin da suke sawa tsakanin tukunyar ruwa da ta girki, domin ta girki sukan yayyafa mata ruwan bagaruwa ko na makuba tun tana da zafi don jikinta ya rufe, ta ruwa kuwa su bar ta a buɗe.

Baƙi masu bincike sun rubuta wani abu a kan wannan sana'a. W. E. Nicholson ya buga bayani a mujallar Man a 1929 da 1931 game da maginan Sakkwato, ya rarrabe aikin Adarawa da na Zoromawa da na Rumbukawa. A shekarun 2000 kuma Olivier Gosselain na jami'ar Burusal ta Beljiyam ya zaga ɗaruruwan garuruwa a kudancin Nijar yana rubuta irin gaurayen da kowane yanki ke zuba wa yumɓu da yadda fasahar ke bin aure da ƙaura da kasuwa. Amma a tsakanin waɗannan zamuna biyu sana'ar ta ja da baya ƙwarai: kwanonin sha na kanti suka kori kasko, tukunyar dalma da ake zubawa a mazubin yashi ta kori ta ƙasa daga murhu, jarka ta karɓe aikin tulu a hanyar rijiya. Randa ce kaɗai ta tsaya da ƙafarta, tana ƙarƙashin inuwa a tsakar gida da faifai a bakinta da moɗa a kai, tana kuma ƙofar masallaci sadaka ga masu wucewa, saboda roba da ƙarfe ba su da kafofi, abin da ba shi da kafofi kuwa ba ya sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba. A kan wannan siffa ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka kuma a Gwatamala, a 1981, Fernando Mazariegos ya haɗa yumɓu da garin katako ya gasa, ya sami tukunyar da ke tace ruwan sha, wadda ƙungiyar Potters for Peace ta yaɗa a ƙasashe da yawa bayan guguwar Mitch ta 1998.

Sana'a ta biyu ita ce dafa sabulu, ita ma a hannun mata take. Sukan ƙone karan gero ko waɗansu itatuwa, su tara tokar a tukunya mai huda a gindi, su zuba ruwa ya tsattsafo da kaifinsa, sa'an nan su dafa wannan ruwan toka da man kaɗanya ko kitse, suna tuƙawa har ya yi kauri ya zama baƙin sabulun salo. Inda babu wannan kuwa akan yi wanki da ɓawon aduwa, wanda ke kumfa da kansa. Sirrin sabulu, kamar yadda kimiyya ta yi tahkikinsa daga baya, shi ne kowace ƙwayarsa tana da ɗabi'a biyu masu saɓani, kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai gudun ruwa mai son maiƙo. In ƙwayoyin suka yi yawa a cikin ruwa sai su taru da kansu, ba tare da wani ya jera su ba, su cusa wutsiyoyinsu ciki su juyo da kawunansu waje, su zama ƙananan curi. A cikin curin nan ne maiƙon tufafi ke shiga ruwa ya tafi da shi. In aka ƙara yawansu, curin sai ya miƙe ya zama sanduna, sandunan kuma su jeru gefe da gefe cikin tsari. Wannan jeruwa da kai ita ce abin da masana suka zo suka mora.

Ta uku ita ce fataucin kanwa. Tun ƙarnonin da suka wuce ayarin jakuna da takarkarai ke ɗauko kanwa daga Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi, su ratso Kano da Katsina zuwa Zamfara da Gobir da Sakkwato, waɗansu su zarce har Gwanja su musanya da goro; Paul Lovejoy ya tattara tarihin wannan fatauci a littafinsa na 1986. Mafi daraja a cikinta ita ce ungurnu, wadda ake haƙowa a ƙasar Kanem, gabas da tafkin, Buduma su ƙetaro da ita a jiragensu na ciyawa zuwa Baga. Mutanenmu sun san ta a kunu da miya da dafuwar wake, da taba, da lasar dabbobi. To, a cikin irin waɗannan tafkunan kanwa da ke tsakanin tuddan rairayi na Kanem, a wani wuri da ake kira Andjia, masana ma'adinai biyu, Zdenek Johan da Gilbert Maglione, suka bayyana wani sabon ma'adini a 1972, haɗin silika da sodiyam da ruwa, wanda aka halitta shi falle-falle, suka raɗa masa suna kanemait saboda ƙasar da aka same shi. Ba da daɗewa ba masana a Jamus suka koyi haɗa irinsa a ɗakin bincike, suka kuma ga ana iya cusa waɗansu sinadarai a tsakanin fallayensa.

Kafin mu ga abin da aka yi da shi, wajibi ne mu san bukatar da ta sa ake neman kafofi tun farko. A 1756 wani masani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya bayyana wani dutse da ke fitar da tururi in an gasa shi, wanda ake kira ziyolait, daga baya aka gane cike yake da kafofi masu girma ɗaya. A shekarun 1940 da 1950 Richard Barrer a Ingila da Robert Milton a Amurka suka koyi haɗa shi da hannu, daga 1962 kuma kamfanin Mobil ya shigar da shi cikin aikin farfasa ɗanyen mai don fitar da fetur, aikin da ake gina matatu irin ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, domin su yi. Ma'aunin waɗannan kafofi shi ne nanomita, wato milimita ɗaya in an raba ta kashi miliyan. Masana sun yi ittifaƙi a kan kasa kafofi uku: ƙanana, ƙasa da nanomita 2, matsakaita, daga 2 zuwa 50, manya, abin da ya haura 50. Illar ziyolait ita ce kafofinsa na kashin farko ne, galibi ba su wuce nanomita ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka manyan ƙwayoyin mai mai nauyi da na magunguna ba sa iya shiga. Garin silika da aka sani a lokacin kuwa, irin wanda ake sawa a 'yar jaka cikin kwalin takalmi ko na magani don ya tsotse laima, kafofinsa a hargitse suke, wannan babba wancan ƙarami. Abin da aka rasa shi ne matsakaitan kafofi masu girma ɗaya.

A 1990, a jami'ar Waseda ta birnin Tokiyo, Tsuneo Yanagisawa da Toshio Shimizu da Kazuyuki Kuroda da Chuzo Kato suka ɗauki kanemait da aka haɗa a ɗakin bincike, suka jiƙa shi a ruwan wani sinadari dangin sabulu mai doguwar wutsiya. Ƙwayoyin suka kutsa tsakanin fallaye, silikar ta haɗe a kewayensu, da aka gasa sai aka sami kafofi na nanomita 2 zuwa 4, girmansu yana bin tsawon wutsiyar da aka yi amfani da ita. A 1993 Shinji Inagaki da Yoshiaki Fukushima na cibiyar binciken Toyota, tare da Kuroda, suka kyautata hanyar, suka kira abin da suka samu FSM-16. A can Amurka kuwa, masanan Mobil, cikinsu da Charles Kresge da Michael Leonowicz da Wieslaw Roth da James Vartuli da Jeffrey Beck, suna kan nasu aikin ta wata hanya dabam, suka buga shi a mujallar Nature a 1992 da sunan MCM-41, wannan bugu ne ya farkar da duniyar masana.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Ana narkar da sinadarin dangin sabulun a ruwa, wanda aka fi amfani da shi yana da ƙwayar kabon 16 a wutsiyarsa, kansa kuma yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar na narkakkiyar silika, don haka suke jan juna. A zuba silikar tare da sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, a rufe a tukunyar ƙarfe mai ɗaurarren murfi, a dafa a zafin digiri 100 zuwa 150 na kwana ɗaya ko biyu. A cikin wannan lokaci sandunan sabulu suna jeruwa, silika tana taruwa a tsakaninsu tana ƙamewa ta zama bango. Sai a tace, a wanke, a shanya, a gasa a digiri 540, awa 1 cikin iskar naitirojin, awa 6 cikin iska ta sarari, har sabulun ya ƙone ƙurmus. Abin da ya rage farin gari ne marar nauyi, wanda in an duba shi da madubin lantarki mai ƙara girma za a ga kafofi dogaye a jere, kowace da maƙwabta shida, kamar saƙar zuma. Ana iya daidaita faɗinsu daga nanomita 1.5 zuwa 10, ta hanyar sauya tsawon wutsiya ko ƙara wani mai da ke kumbura sandunan. In kuma aka lissafa faɗin bangayen cikin kafofin duka, giram ɗaya yana kai murabba'in mita 1,000, wato giram 10 sun ɗauki hekta guda. Abin lura ne cewa zafin da ake wannan gashi bai kai na wutar matoya ba.

Tarihin yana da wata aya ta izina. Tun 1971 waɗansu ma'aikatan kamfanin Sylvania a Amurka, Chiola da Ritsko da Vanderpool, suka yi rajistar wata hanya ta haɗa silika marar nauyi da irin wannan sinadari, amma ba su bincika cikinta ba, aka manta da ita. Sai a 1997 Francesco Di Renzo da abokan aikinsa a Faransa suka maimaita hanyar, suka tarar abin da take bayarwa irin MCM-41 ne. Ashe abu yana iya zama a hannun mutum shekara ashirin, in bai auna shi ya san haƙiƙaninsa ba, falalar ganowa ta tafi ga wani.

Daga nan fannin ya yi rassa. A 1997 masana a wata cibiyar gwamnatin Amurka da ke jihar Washinton suka shafe cikin kafofin da sinadari mai kama ƙarfe mai guba, suka nuna yana tsame zaiba daga ruwa. A 1998 Dongyuan Zhao da Galen Stucky na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka fito da SBA-15, mai kafofi har nanomita 30 da bango mai kauri da ya fi jure zafi da tururi. A 1999 Ryong Ryoo na Koriya ta Kudu ya juya al'amarin, ya cika kafofin silika da sukari, ya gasa ya zama gawayi, ya narkar da silikar, ya sami gawayi mai kafofi a jere. A 2001 María Vallet-Regí ta birnin Madrid ta ɗura maganin ibuprofen a cikin MCM-41, ta nuna yana fitowa sannu a hankali, abin da ya buɗe ƙofar bincike a kan isar da magani cikin jiki da ƙaddararren gwargwado. Duk da haka gaskiya ita ce har yanzu waɗannan kayayyaki ba su mamaye masana'antu kamar ziyolait ba, babban dalili kuwa shi ne tsadar sinadarin da ake ƙonewa a kowane zubi, shi ya sa ake ta neman hanyar wanke shi a sake amfani da shi maimakon a ƙone.

Adalci ya hana mu ce masanan nan daga maginanmu suka koya, domin ba su koya daga gare su ba, kuma tazarar da ke tsakani babba ce: kafofin randa sun fi na MCM-41 girma sau ɗaruruwa, guraben ƙaiƙayi ma sau dubbai, kuma ba su da tsari ɗaya. Amma adalcin nan kuma ya hana mu ɗauki maginiya a matsayin mai kwaikwayo da ka, alhali ta san abin da za ta zuba don jiki ya buɗe da abin da za ta yayyafa don ya rufe. Asalin ƙa'idar ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne awo da rubutu, domin masani yana da ma'aunin da zai gaya masa faɗin kafa, yana kuma rubuta abin da ya yi don wani a wata nahiya ya maimaita ya ƙara a kai, maginiya kuwa iliminta yana cikin hannunta ne, ranar da ta kwanta dama in 'yarta ba ta koya ba ya tafi ke nan.

Wannan ne ya sa nake ganin akwai hakki a wuyan masu ilimin zamani na wannan yanki, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da sauran makarantunmu na fasaha. Fadamun Rima suna ba da shinkafa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera kuwa ɓuntu ne, wanda ake tarawa a bayan injin casa ana cinna masa wuta. Alhali tokarsa kusan kashi 90 cikin 100 silika ce, kuma masana a ƙasashe da dama sun riga sun nuna cewa in an ƙone shi da lura, a zafin da bai wuce kima ba, aka narkar da tokar a ruwan soda, ana iya haɗa MCM-41 da ita. Kafin a kai ga wannan ma akwai aiki mafi kusa kuma mafi gaggawa, wato a zauna da tsofaffin magina na Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu, cikin ladabi irin na almajiri a gaban malami, a rubuta gurbin da kowacce ke haƙo yumɓu, da gaurayen da take zubawa da gwargwadonsa, a auna saurin nason kowace randa da girman kafofinta, sa'an nan a gwada wane haɗi ne na yumɓunmu da ɓuntunmu zai ba da tukunyar tace ruwa da za ta rage cututtukan ciki da ke addabar yara da damina, a kuma mayar wa maginan sakamakon don su ne za su gina ta su sayar.

Ba a ɓoye yake ba cewa rashin zaman lafiya na 'yan shekarun nan ya tashi ƙauyuka da yawa a wannan yanki, ya hana mata zuwa fadama haƙar yumɓu, ya raunana kasuwanni, ya tura iyalai gudun hijira har ƙetaren iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Sana'ar da ake koyo daga hannu zuwa hannu kuwa ba ta jure yankewar tsara guda. Saboda haka wanda yake da ikon yin wannan rubutu, ko malamin jami'a ne ko ɗalibi ko ɗan gari mai kishin zuci, kada ya jinkirta shi zuwa wani lokaci, ya fara da tsohuwar da ke kusa da shi, ko a gida take ko a sansanin hijira. Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, ya sa albarka a sana'o'in bayinsa, ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi. Amin.